Taken Baba

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina labari, ina labari", to ga shi, ku sarara min haka. Raina a ɓace na rubuta wannan shafin. In kun ji ya yi ɗaci kada ku zage ni, ga Badamasi nan.

*

Tun daga zaure Mardiyya ta san zaman yau ba zai tashi lafiya ba.

Faifan da ake ajiye wayoyi yana nan a bakin ƙofa inda ya saba, Malama Saratu, abokiyar aikinta a makaranta, tana tsaronsa. Kowa ya zo sai ya ajiye tasa ya wuce. Haka ƙa'idar take tun da Mardiyya ta fara tara mutane a tsakar gidan mahaifinta, Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan la'asar: ba waya, ba lasifika, ba liƙi. Tabarmi a ƙarƙashin bishiyar maina, makaɗi ɗaya da hannunsa da bakinsa, sai zoɓo da bandar kifi. Wanda tabarma ba ta ɗauke shi ba ya haƙura sai wani watan. Masu cewa ta cika tsirfa suna nan da yawa a Hadejia, kuma su ne kan gaba wajen roƙon a ajiye musu wuri.

Yau kuwa sai ga yayanta Badamasi ya shigo da baƙin da ba ta gayyata ba.

"Yaya, wayoyinsu," ta ce a hankali.

"Wayoyin wa?"

"Na baƙinka."

Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke, kin san ko waye wannan? Alhaji Bakari ne fa. Shi za ki ce ya zube waya a faifai kamar mai tallar ƙosai?"

"Ko Malam Bitrus da ya koya maka lissafi ya ajiye tasa."

"Malam Bitrus takara yake yi?"

Saratu ta taɓe baki ta kau da kai.

Shi kuwa Alhaji Bakari bai ko tsaya jin yadda za su ƙare ba. Ya kutsa kai ciki, turarensa na gaba yana biye, irin turaren nan mai hawa kai da ake zubawa kamar da gayya. Kujerar majalisa yake nema, duk bangon da ke tsakanin Hadejia da Birniwa ya san haƙoransa. 'Yan korensa suka bi bayansa, kowanne da waya a hannu.

Ya hau tabarma da takalmi.

Da takalmi fa, jama'a! Tabarmar da mutane suke sallar la'asar a kanta kafin a fara. Malam Bitrus ya janye ƙafafunsa kawai ya ba shi wuri.

Mardiyya ta haɗiye abin da ya taso mata. Baƙonka annabinka, haka mahaifinta ya koya mata. Ta kawo tiren kifi ta ajiye a tsakiya don kowa ya miƙa hannu. Kafin ta ɗago, Alhaji ya jawo tiren gabansa. Ya kama kan kifi ya hau tsotsa, zuuut, zuuut, ya tofar da ƙaya a gefen tabarma, ya goge yatsunsa a bakinta. Mardiyya ta ɗauke idonta daga kansa.

Ba wannan ne ya fi damunta ba. Baba Inuwa ne.

Baba Inuwa mai gurmi aminin mahaifinta ne tun suna samari a Guri. Saboda shi ma ta fara wannan zaman, lokacin da masu na'ura suka ƙwace bukukuwa aka daina kiransa, gurminsa ya koma rataye a bango. Kullum in ya shigo sai ya tsokane ta: "'Yar Mannan, yau ma zoɓon naki na rowa ne, ba sukari?" Yau bai tsokane ta ba. Ko idonta ya ƙi kalla. Kuma babbar rigar da ke jikinsa sabuwa ce fil, har linkin kanti bai baje ba.

"Baba, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, 'yata."

"Ka yi shiru da yawa."

"Tsufa ne."

Ya gyara zama ya ɗora gurmin a cinya. Ya fara da waƙar manoman shinkafar Auyo da yadda tsuntsaye suke mayar da su mahaukata lokacin nuna, dattijo da gemunsa yana gudu a kan kunyar gona yana kaɗa gwangwani. Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin dariyar wannan zaman, wadda ba ta danne tsirkiya. Abin da ake zuwa nema ke nan: ka ji yatsa yana taɓa tsirkiya, ka ji numfashin tsoho tsakanin baiti da baiti.

Sai wayar Alhaji ta ɗauki kuka.

"Eh! Ina jin ka! A'a, ina wajen wani ɗan taro ne. Ka ce musu buhu nawa? Kai, kada ka raina min hankali!"

Baba Inuwa, mutumin da in aka yi tari mai ƙarfi yake ɗaga hannu daga gurmi ya jira, yau bai tsaya ba. Ya ci gaba da kaɗawa a ƙarƙashin ihun kamar bai ji ba. A nan ne gaban Mardiyya ya fara faɗuwa.

Alhaji ya gama wayarsa. Ya dubi Badamasi. Badamasi ya dubi Baba Inuwa ya ɗaga masa gira.

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ɗan matse tsirkiya, ya sauya kiɗa.

Tun a bugun farko tsigar jikin Mardiyya ta tashi.

Taken Baba ne.

Duk wanda ya tashi a bakin kogin nan ya san wannan kiɗan. Inuwa ne ya yi wa mahaifinta Abdulmannan shi tun yana saurayi mai kwalekwale, yana fiton mutane. Ko bayan da ya dawo Hadejia ya kama sana'ar kifi, duk daminar da ruwa ya yi hauka sai ya koma ya kwance jirginsa. A shekarar babbar ambaliya ya yi ta kwaso mutane daga ƙauyukan da ruwa ya rufe, har a sawun ƙarshe jirgin ya kife da shi. Tun daga ranar ba a sake kaɗa taken a gidan ba. Mardiyya da bakinta ta roƙi Baba Inuwa kada ya taɓa kaɗa shi a gidan nan, saboda Inna.

Inna 'Yar'azumi, mahaifiyarsu, tana ɗakin can na ƙurya. Tun rasuwar ba ta fita, ba ta doguwar magana, kuma kullum da yamma sai ta zuba tuwo a kwanon mijinta ta rufe ta ajiye. Kowa ya yanke cewa kanta ya taɓu, jiran dawowarsa take. Ga hawan jini. Likita ya ce kada a girgiza ta, don haka ba mai furta kalmar rasuwa kusa da ɗakinta.

Mardiyya ta waiwaya ta dubi labulen ɗakin. Bai motsa ba. Ta yunƙura za ta yi wa tsohon alama ya bari, sai ya buɗe baki.

Ta san baitin kamar sunanta:

*Mannan na Guri, gora ta san hannunka,*
*Jirginka ba ya tambayar ɗan waye,*
*Ruwa ya ci gona, ya ci rumbu,*
*Bai ci alkawarin Mannan ba.*

Amma ba haka ya fito ba.

*"Bakari na kowa, gora ta san hannunka,*
*Jirginka ba ya tambayar ɗan waye..."*

'Yan koren suka ɗaga wayoyi sama. Alhaji ya miƙe yana washe baki, ya tako tsakiyar mutane, ya zauna daf da Baba Inuwa, ya zaro kuɗi ya fara manna masa a goshi da hannun nan mai maiƙon kifi. Takardun suna zamewa suna faɗawa kan gurmin.

Tir. Wallahi tir.

"Baba Inuwa."

Bai tsaya ba.

"Baba Inuwa, na ce ka tsaya!"

Gurmin ya yi shiru. Gidan ma ya yi tsit.

"Ke!" Badamasi ya daka mata tsawa. "Zauna!"

"Ba zan zauna ba, Yaya."

"A gaban mutane za ki yi min haka?"

"A gaban mutane aka yi, a gaban mutane za a ji."

Ta tako har gaban tsohon. Ba ta taɓa tsayawa a kansa yana zaune ba, don haka ta durƙusa, amma muryarta ba ta durƙusa ba.

"Baba, taken waye ka kaɗa?"

Ya zuba wa gurminsa ido.

"Ka faɗa da bakinka."

"Na mahaifinki ne."

"To sunan waye ka saka a ciki?"

Ya sa hannu ya ɓamɓare takardar da ta manne masa a goshi, ya rasa inda zai ajiye ta.

"'Yata, ki saurare ni."

"Ina ji."

"Alhaji ya yi ta min sintiri a kan taken nan. Na ce masa take ba goro ba ne da za a saya a faranti. Na faɗa masa abin da maigidana ya koya min lokacin da ya ba ni gurmi: take ba ya barin mai shi sai an kaɗa shi a gidansa, a gaban iyalinsa, da sabon suna, ba wanda ya ce uffan. Don ya rabu da ni na faɗa masa, wallahi don ya rabu da ni. Na ɗauka ba gidan da zai yarda."

"Sai kuma?"

"Sai ga yayanki ya zo ya ce gida ya yarda."

Mardiyya ta juya a hankali ta dubi Badamasi.

Ashe shi ya sa. Mutumin da kullum yake kiran zamanta taron marasa aikin yi, shi ne shekaranjiya ya kira ta da murya mai daɗi yana tambaya ko kifin zai isa. Har ta yi murna, ta ce wa Saratu Yaya ya fara saukowa. Ashe tabarminta ake so, da mutanenta, da tsakar gidan ubanta, su zama shaidu. Da ɗan gari akan ci gari.

"Malama," Alhaji Bakari ya ce yana sakace haƙori da ƙayar kifi, "ki kwantar da hankalinki. Marigayi ya tafi, Allah ya jiƙansa."

Mardiyya ta sake waiwayar labulen da sauri.

"Ka rage murya, Alhaji."

"Ni ban iya raɗa ba. Ki duba, daga Guri har Auyo duk wanda ya ji kiɗan nan sai ya ajiye abin da yake yi. Na gani da idona, tsofaffi har kuka suke. To wanne ya fi, a bar shi ya ruɓe a ɗaki, ko a ɗora shi a mota da lasifika a zaga ƙauyuka? Ai raya sunansa zan yi."

"Da cire sunan nasa?"

"A'a, wa ya ce? Mun bar masa wuri a baitin ƙarshe."

Malam Bitrus ya ce "Kai!" bai san ya fito fili ba.

"Kun bar masa wuri," Mardiyya ta maimaita. "A cikin takensa."

"Ƙwarai."

"Alhaji, ranar da ruwa ya ci Baba kana ina?"

"Ina Abuja. An kira mu taro."

"Ka taɓa riƙe gorar tuƙi?"

"Wannan kuma wace irin tambaya ce?"

"An ce gora ta san hannunka. Shi ne nake tambaya."

"Na shiga jirgi mana. Akwai hoton ma."

"Na ga hoton. Jirgin a ɗaure yake a bakin gaɓa."

Ɗaya daga cikin 'yan koren ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta kufce masa ta hanci. Alhaji ya watsa masa harara, sannan ya juyo kan Badamasi, fara'ar nan ta bango duk ta gudu.

"Kai, ba haka muka yi da kai ba. Ka ce min gidanku a hannunka yake."

"A hannuna yake, ranka ya daɗe."

"To ga shi mace tana min tambayoyi kamar a kotu."

Badamasi ya taso ya kama hannun Mardiyya zai ja ta gefe. Ta fizge.

"Ka faɗa a nan."

"Ni ne babba a gidan nan."

"Ban musa ba."

"To na bayar. Magana ta ƙare."

"Me aka ba ka?"

"Ba ruwanki."

"Me aka ba ka, Yaya? Ina so in san farashin Baba."

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Aiki! Kin ji? Aiki zai ba ni in ya ci. Ke kina da albashinki, kina zaune kina tara mutane suna lumshe ido suna jin gurmi. Ni fa? Tun yaushe nake yawo da takardu ofis-ofis? 'Ya'yana waƙa za su ci? Baba ya ƙare rayuwarsa yana fiton mutane kyauta, me ya bar mana? Gida mai yoyo da waƙa!"

"Ita ma waƙar ka ga ta yi mana yawa."

"Wanda ya mutu ya mutu!"

"Yaya, muryarka! Inna!"

Ta san halin da yake ciki, ba wai ba ta sani ba. Sau da yawa ita take aika wa matarsa shinkafa a ɓoye don kada ya ji kunya. Da ya zo ya ce mata a sayar da gidan nan, da ta yi fushi amma da ta fahimta. Wannan kuwa ƙyama kawai take ji, irin wadda mutum ke ji in ya ga ƙuda a cikin furar da ya riga ya sha rabi.

Baba Inuwa ya ɗago kai.

"'Yata, da maganarsa ce kaɗai da ban kaɗa ba. Ɗa ba ya bayar da taken uba muddin matar uban tana raye. Ni ce min ya yi da izinin mahaifiyarku."

Mardiyya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Inna?"

"Haka ya ce. Har rantsuwa ya yi."

"Yaya, ka rantse da Allah a kan Inna ta yarda?"

Badamasi ya yi tsaki.

"Inna ta san me? Ko yau Asabar ce ba ta sani ba. Matar da take zuba wa mamaci tuwo? In na ce ta yarda, ta yarda. Wa zai je ya tambaye ta?"

"Kai, Badamasi, ka ji tsoron Allah," in ji Saratu daga bakin zaure. "Uwarka ce fa."

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

Wata dattijuwa a cikin baƙin ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati. Wasu suka fara laluben takalmansu, don akwai abin da kunne bai kamata ya ji ba a gidan mutane. Mardiyya kuwa kunya ta ishe ta kamar ta nutse. Waɗannan mutanen ita ta kira su, ta ce su zo su ji abu mai tsabta.

Sai labulen ɗakin ƙurya ya motsa.

Inna ce.

Ta fito a hankali, ƙafa ba takalmi, ta rame har zanen ya yi mata yawa. Hannunta biyu riƙe da kwanon sha na silba, wanda ba mai shan ruwa a cikinsa sai Baba. Cike yake da ruwa. Haka take tarbarsa duk ranar da ya dawo daga kogi, in Inuwa ya rako shi da kiɗa har ƙofar gida.

Ba ta kalli kowa ba. Ta nufi inda kiɗan ya fito, inda Alhaji Bakari yake zaune kafaɗa da kafaɗa da mai gurmi.

Wani tunani ya faɗo wa Mardiyya. Inna ta ji taken, ta ɗauka Baba ne ya dawo.

Alhaji kuwa, da yake idonsa ba kunya, nan take ya gane abin da ya faɗo masa a hannu. Fara'ar ta dawo.

"Alhamdulillahi! To ga amsa nan. Matar marigayi da kanta ta kawo min ruwa. Kai, ku ɗauka! Ku ɗauka da kyau, fuskarta ta fito!"

Wayoyi suka sake tashi sama.

"Kun gani ko?" in ji Badamasi. "Na ce muku ta yarda."

Inna tana matsowa. Alhaji ya gyara hula, ya miƙa hannu.

In ya karɓi kwanon nan ya sha, shi ke nan. Kafin magariba hoton ya zaga garin: matar Mannan ta shayar da magajin takensa. Ba bakin da zai iya warware wannan, ko na Mardiyya. Kuma hanya ɗaya ce ta tsayar da Inna, ita ce kalmar da likita ya hana, wadda gidan nan kaf aka yi ta tsallakewa tun ranar jana'iza.

Taken Baba, ko zuciyar Inna.

Mardiyya ta sha gabanta ta zube a kan gwiwa, ta riƙe gefen kwanon da hannu biyu. Hawaye ya riga maganar fitowa.

"Inna."

Inna ta tsaya.

"Inna, ba Baba ba ne."

Inna ta ci gaba da kallon inda kiɗan ya fito.

"Inna, ki yafe min. Baba ba zai dawo ba. Baba ya rasu."

Saratu ta dafe ƙirji. Malam Bitrus ya yunƙura don ya tare ta in ta faɗi.

Inna ba ta faɗi ba. Ta sauke ido ta dubi 'yarta, kallo tar, ba gigi a cikinsa ko kaɗan.

"Na sani."

"Inna?"

"Na ce na sani. Likkafanin da aka sa masa daga akwatina ya fito, ni na miƙa. Sakar min kwano."

Hannun Mardiyya ya saki da kansa.

"Tuwon da nake zubawa, hannuna ne ya ƙi mantawa, ba kaina ba. Ku kuka yanke min hauka, kuka koma yi min raɗa a bakin ƙofa. Na bar ku, don ban ga da wa zan yi maganarsa ba."

Ta ratsa gefen Mardiyya. Alhaji ya ƙara miƙo hannu, har da ɗan rusunawa saboda masu ɗauka.

Ta wuce hannun kamar ba ta ga mutum ba. Ta tsaya a kan Baba Inuwa.

"Inuwa."

"Na'am, uwar gida."

"Karɓa."

Ya karɓa.

"Ba na sha ba ne. Kurkure bakinka."

Tsohon ya ɗago ido ya dube ta.

"Bakin da ya rako mai gidan nan har ƙofa, shi ne yau ya ɗauko wani suna ya zuba a cikin takensa. Kurkure shi. Kuma ka fita waje ka zubar, ban yarda ya taɓa tsakar gidana ba."

Baba Inuwa ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ajiye gurmin, ya miƙe da kwanon ya nufi zaure, sabuwar rigar tana jan ƙasa, kuɗin liƙin suna zubewa daga cinyarsa ba wanda ya sunkuya.

Hannun Alhaji yana nan a miƙe a iska.

"Ku kashe!" ya ce da 'yan korensa. "Ku kashe wayoyin nan, dalla!"

Sai a lokacin Inna ta yi magana a kansa, amma ba shi ta kalla ba, mutanen da ke kan tabarma ta kalla.

"Ku ne shaidu, tunda shaidu aka tara. Taken mai gidan nan yana nan inda ya bar shi. Ban bayar ba, ba a tambaye ni ba, ko an tambaye ni ba zan bayar ba. Wannan bawan Allah kuma a nuna masa hanya, ya sauka min daga tabarma da takalminsa."

Mardiyya ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Ta yunƙura za ta kama Inna ta mayar da ita ɗaki.

Inna ta ɗaga mata hannu.

"Ban gama ba."

Ta juya. Badamasi ya riga ya ja da baya har ya jingina da bishiyar maina, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Inna, wallahi ba haka nake nufi ba... Inna, ki tsaya in yi miki bayani..."

"Na ji bayaninka daga ɗaki. Ban san ko yau Asabar ce ba."

"Inna, don Allah..."

"Badamasi."

Salati ya ɓarke a tsakar gidan.

Badamasi ɗan fari ne. Tun da aka raɗa masa suna Inna ba ta taɓa kama shi da bakinta ba, sai dai "wannan", sai dai "yaron nan", saboda kunyar ɗan fari. Ko Mardiyya ba ta taɓa jin sunan a bakin uwarsu ba sai yau.

Inna ta ɗaga hannun dama ta ɗora a kan ƙirjinta, daidai nonon da ya sha.

Duk ƙyamar da ke zuciyar Mardiyya ta bi iska. Ta rarrafo ta rungume ƙafafun Inna.

"Inna, kada ki yi masa baki! Inna, na roƙe ki, yana da 'ya'ya!"

Inna ba ta ko dube ta ba. Idonta yana kan ɗanta.

"Badamasi," ta sake cewa. "Matso kusa. Ina so ka ji da kyau."